Ciwon Kan Lalla Najat

A garinmu idan zaitun ya nuna, babu mai lokacin kansa. Daga shigowar sanyi har fitarsa manoma suna kawo shi a buhuna, wasu a amalanke, wasu a a-kori-kura, su jibge a harabar ma'asara, gidan da muke matse mai. Zaitun ba ya jira. In ya daɗe a buhu sai ya ɗauki zafi, ka tura hannu ka ji kamar jikin mai zazzaɓi, man da zai fito kuwa ya yi tsami, babu mai saye sai masu yin sabulu. Shi ya sa marigayi Hajj Amur ya kafa al'ada ɗaya. Bayan sallar asuba yakan sauko daga bene ya tsaya a kan matakala, ya dubi buhunan, ya ce na wane za a fara, na wane ya biyo baya. Abin da aka faɗa a kan matakalar nan ba a janye shi, ko da mai faɗar ne ya yi nadama. Da wannan aka hana manoma faɗa shekara da shekaru.

Ni ne mai gyaran injin gidan, ana ce mini Usta Salah. Ina nan Hajj Amur ya rasu, ɗansa Si Munsif ya gaji ma'asarar, ya gaji matakalar, amma bai gaji tashin asuba ba.

Iyalin suna zaune a saman ma'asara, ɗakin kwanan Si Munsif kuma daidai kan injin niƙa yake. Kullum da yamma yakan shiga mota ya tafi wani otal a bakin teku, shi da abokansa, su zauna da kwalaben buha, giyar ɓaure. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Da safe giyar da ta kwana a jikinsa takan riƙe shi a gado, baki a bushe, ido jajur, haske yana sukarsa, ƙara tana sara masa kai. Ba ya saukowa sai rana ta take. Manoma kuma ga su a haraba tun duhu, suna jiran maganar matakala.

Sai aka ɗora wa matarsa Najat, wadda muke kira Lalla, wato uwargida. Ita za ta tsaya a bakin ƙofarsa ta tambaya, ya amsa mata daga ƙarƙashin bargo, ta sauko ta faɗa.

Na tuna safiyar farko. Ta sauko tana gyara ɗankwali, 'yar manomi ce, ta san zaitun tun tana ƙarama, amma ba ta saba magana a gaban maza ba. Ammi Tahar, wato baffa Tahar, wanda ya fi kowa daɗewa a aikin gidan, ya ɗaga kai ya ce, "Lalla, yau ke ce Hajj ɗin? To sai mu nemo miki jar hula."

Aka yi dariya, ita ma ta rufe baki tana dariya. Sannan ta ce, "Ya ce a fara da na Si Lutfi."

Dariyar ta tsaya. Zaitun ɗin Si Lutfi jiya da magariba ya iso, ganyensa ma bai yi yaushi ba. Na Khalti Zuhra kuwa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata 'yan itatuwa, ya riga ya fara ɗumi a gefen bango. Kowa ya san da wa Si Lutfi yake zama da yamma. Amma an faɗa a kan matakala, muka fara da nasa.

Da azahar Si Munsif ya sauko, ya yi aski, yana ƙamshin turare, yana gaisawa da kowa da sunansa. Mutum ne mai daɗin zama idan rana ta yi. Khalti Zuhra ta tare shi, ta kama hannunsa ta tura cikin buhunta.

"Ji nan, ɗan Hajj. Ji abin da ka yi mini."

"Ni? Ni na ce na Lutfi?" Ya buɗe ido sosai. "Ai cewa na yi a duba wanda ya fi daɗewa. Khalti, kin san mata da saƙo, ki ba su gari su kawo miki toka. Gobe naki ne na farko, a wuyana."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ban yarda ƙarya yake yi da gangan ba. Ina ganin bai tuna ba ne. Mutumin safe daban, mutumin azahar daban, kuma na azahar ba ya yarda a tambaye shi abin da na safe ya aikata. Tunda kuwa dole wani ya ɗauka, sai aka duba wanda bakinsa ya faɗi maganar.

Gobe ta zo, ba a fara da na Khalti Zuhra ba. Abin da Najat ta sauko da shi ya fi na jiya muni. Ta kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Usta, ya ce a kashe injin sai azahar."

"A tsakiyar kaka, Lalla? Dubi harabar nan."

"Na gani. Na gaya masa. Ya ce ƙarar tana fasa masa kai."

"To me za a ce wa mutane?"

Ba ita ta amsa ba. Hajja Mabruka, mahaifiyar Si Munsif, ta biyo ta a baya da carbi a hannu. Ta ratsa ta gabanmu ta tsaya a matakalar mijinta, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Najat ce ba ta da lafiya, kanta ke ciwo, ba ta iya jure ƙarar injin da safe. Da azahar za a kunna in Allah ya so."

Najat ta juya ta dube ta. "Ummi..."

"Me ya rage ki?" in ji Hajja, ba tare da ta dube ta ba. "Mace ta yi ciwon kai ba abin kunya ba ne. Hau ki ɗora masa lablabi."

Ta hau. Lablabi romon wake ne da gutsattsarin gurasa da yaji, shi kaɗai cikinsa yake karɓa a irin wannan safiya.

Daga ranar injin ya koma barcin safe. Ba kullum ba, sai ranar da daren ya yi nauyi, amma irin waɗannan ranaku sun fi yawa. Buhuna suka taru har suka toshe hanyar mota, warin tsami ya cika unguwa. A gidan shayi aka raɗa wa abin suna. In manomi ya shigo da fuska a ɗaure sai a ce, "Yaya, ciwon Lalla ya kama ka?" Wani ya ce zai kawo wa injin matashin kai da bargo. Wani ya ce shi matarsa in kanta ya yi ciwo albasa take ɗaurawa ta tafi gona. In Najat ta fito matakala, sai ka ji daga bayan buhuna, "Allah ya ba Lalla lafiya, zaitunmu ma zazzaɓi yake yi." Da farko tana sunkuyar da kai kawai. Daga baya ta daina ɗaga ido gaba ɗaya, ta faɗi saƙo tana kallon ƙafafunta.

Ammi Tahar ne ya kasa haƙuri. Wata safiya ya je ya tsaya ƙarƙashin tagar Si Munsif ya yi kira.

"Munsif, ni ne Tahar. Na ɗauke ka a kafaɗa kana zubar da majina a wuyana. Tashi ka ga dukiyar mutane tana ruɓewa. Ubanka da zazzaɓi yake saukowa."

Aka ji wani abu ya daki tagar daga ciki. Can sai Najat ta fito, ta tsaya, ta koma sama. Muka ji muryarta tana roƙo, muka ji tasa a shaƙe. Ta sake fitowa, leɓenta yana motsi ba a jin komai.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji Ammi Tahar. "Maganar matakala ce, ba a raɗa ta."

"Ya ce ka ajiye makullai, Ammi. Ya ce ka tafi gida."

Tsohon ya ciro makullan daga aljihu ya ajiye a ƙasan matakala, ya karkaɗe rigarsa. Da azahar Si Munsif ya same shi a gidan shayi, ya rungume shi, har da hawaye. Ya ce shi bai san an yi haka ba, ya ce ta yaya zai kori ubansa. Ammi Tahar ya ce to shi zai dawo aiki gobe. Si Munsif ya share ido ya ce, "Ka fi ni sanin dokar Hajj, Ammi. An riga an faɗa a matakala. In na janye yau, gobe kowa zai zo a janye masa." Ya biya masa kuɗin shayi ya tafi.

A makon nan Najat ta je gidan wankan mata. Matata tana can, ita ta ba ni labari. Tana shiga ta zauna, matar Ammi Tahar ta ɗauki bokitinta ta koma can ƙarshen ɗaki, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce, "Ku rage surutu, kar kan Lalla ya tashi, a kashe mana ruwan zafi." Najat ta yi wanka ita kaɗai a tsakiyar fili, babu mai cuɗa mata baya. Ba ta sake zuwa ba.

Yayanta Fathi ma ya kawo nasa zaitun daga ƙauye, ya yi ta jira kamar kowa har zaitun ɗin ya ɗauki zafi. Ya hau bene ya same ta, muna jiyo shi daga ƙasa. Ya ce ta zubar musu da mutunci, ya ce uwarsu da ciki wata tara take tsinkar zaitun, ita daga shiga gidan bene ta zama sarauniya.  Na tambayi kaina me ya hana ta faɗa masa gaskiya, shi da yake jininta. Na samu amsar ranar da ta kira ni gyaran famfon kicin.

Ta rame, idanunta sun faɗa. Tukunyar lablabi tana kan wuta, 'yarta Sirin tana gefe da kayan makaranta tana cin gurasa. Ta jira yarinyar ta fita sannan ta yi magana.

"Ka san abin dariya, Usta? Yanzu da gaske kan nawa yake ciwo. Daga na ji kiran asuba yake farawa."

"Lalla, me ya sa ba za ki faɗa ba? Ki gaya wa Fathi, ki gaya wa mata."

"In ce me? In ce uban Sirin mashayi ne? Gobe wa zai nemi 'yar mashayi? Gara a ce uwarta mai son jiki ce, wannan ana mantawa." Ta juya romon. "Ina yi masa magana da la'asar, lokacin da yake mutum. Sai ya kama hannuna ya ce yau ce ta ƙarshe, ya ce ni ce ginshiƙin gidan nan. Magariba tana yi in ji tashin mota."

Ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce gobe in hau tare da ita in tsaya a bayan ƙofa, in ji da kunnena abin da yake faɗa, ko mutum ɗaya ya zama shaida. Washegari na hau. Ban kai ƙarshen matakala ba Hajja Mabruka ta tare ni.

"Ina zuwa, Usta? Injin ya hau bene ne?"

Na gaya mata dalili. Ta dubi Najat tun daga sama har ƙasa. "Namijin waje a ƙofar ɗakin mijinki, da sassafe. Wannan ma kina so a ƙara a kan abin da ake faɗa?" Na sauko.

Kaka ta kusa ƙarewa aka yi ruwa mai yawa. Khalti Zuhra ta kawo tsinkarta ta ƙarshe, wadda da ita za ta ci shekara, tunda ta farko masu sabulu suka kwashe. Buhunan suka jiƙe, jiƙaƙƙen zaitun kuwa ya fi saurin lalacewa. Ta ƙi tafiya gida. Ta zauna a kansu da tsohon bargo a kanta, tana rawar sanyi, ba ta yi wa kowa magana. A wannan safiya injin yana kashe, don daren jiya an yi bikin ɗan wani abokin Si Munsif.

Najat ta fito matakala. A karon farko cikin makonni ta ɗaga kai, ta dubi tsohuwar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce da murya sarai, "Ya ce a kunna. A fara da na Khalti Zuhra."

Na kunna. Ginin ya ɗauki rawa kamar yadda ya saba, ma'aikata suka ruga da buhuna, har wani ya soma waƙa. Mun zuba rabin zaitun ɗin tsohuwar ke nan sai ga Si Munsif a saman matakala, da singileti, ba takalmi, hannu ɗaya a goshi ɗaya a bango. Manoma ba su taɓa ganinsa a wannan lokaci ba. Fuskarsa ta kumbura, idanunsa kamar an zuba barkono, waɗanda suke kusa kuma hancinsu ya gaya musu sauran.

"Wa ya ce a kunna?"

 Ya sake tambaya, yana dubana.

"Ni ce," in ji Najat.

"Na ce miki a kunna?"

"A'a."

Ya juya ga haraba ya buɗe hannuwa. "Kun ji. Kun ji da kunnenku. In faɗi magana a sama, kafin ta sauko ƙasa an canja ta. Tun farkon kaka nake gaya muku, kuna ganin kamar ina kare kaina." Ya yi tari, ya dafa bango, ya koma ciki.

Ban kashe injin ba, tunda an faɗa a matakala. Man Khalti Zuhra ya fito kore shar, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro, irin wanda ake so.

Nan ne abin da har yau ya tsaya mini a rai. Mutanen da suke harabar nan duka sun ga idonsa, sun ji warinsa. Na ɗauka daga ranar magana ta ƙare. Amma abin da suka tafi da shi gidan shayi shi ne Lalla ta amsa da bakinta cewa tana canja maganar mijinta. In ta canja yau, ai ita ta canja ranar Si Lutfi, ita ta kori Ammi Tahar, ita take kashe injin. Sau ɗaya tak ta sa bakinta a cikin saƙo, don ta ceci abincin tsohuwa, kuma wannan sau ɗayan ne ya zama hujjar duk sauran. Ina ganin sun zaɓi abin da ya fi sauƙin ɗauka ne. Baɗi ma wurin Si Munsif za su kawo zaitun, da shi za su gaisa a masallaci, ita kuwa ba su da abin nema a wurinta. Khalti Zuhra da kanta, tana ɗaure bakin jarkokinta, ta ce mini, "Ashe ita ta riƙe mini na farko. Allah ya isa." Na yi mata bayani, ta ce in taya ta ɗora kaya.

Bayan kaka mai sayen man da yake zuwa daga birni ya ɗanɗana abin da ke cikin tankunan gidan, ya tofar, ya ce ba zai ɗauka ba. Manoma da dama suka ce baɗi garin gaba za su kai. Sai aka kira taron iyali. Si Naji, ƙanin marigayi Hajj, ya zo daga birni. Aka kira ni don in faɗi ko injin ne yake da matsala. Najat tana kicin, ƙofa a buɗe.

Na ce injin lafiyarsa ƙalau. Na ce abin da ya lalata man shi ne kashe shi da safe, abin da yake sa a kashe shi kuma buha ce. Na faɗi kalmar da sunanta a ɗakin Hajj Amur.

Hajja Mabruka ta ajiye carbi. "Ɗana tun yana yaro yake da ciwon kai, likita ma ya sani. In ya fita da yamma, ciniki yake nema wa gidan nan. Da masu sayen mai a masallaci ake zama?"

Si Munsif bai yi fushi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Ban ce ni waliyyi ba ne, Usta. Wa ba ya ɗan taɓawa? Amma ni ban taɓa sauka na yanke hukunci a buge ba, ka shaida. Da safe a gadona nake. Abin da ya faru a matakala, wanda ya tsaya a matakala za a tambaya."

Si Naji ya raka ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata. Shi bai ɓoye komai ba, kuma maganarsa ta fi ta sauran tsorata ni.

"Usta, kana ganin ban sani ba? Na san yaron nan tun kafin ya yi gemu. Amma ka yi tunani. In aka ce ɗan Hajj Amur mashayi ne, ma'asara ta mutu, kai da duk masu ci a nan kun rasa abinci. In aka ce matarsa ce ta yi shisshigi kuma an ɗauki mataki, manoma za su dawo. Suna ɗaya za a zubar, ko nasa ko nata. Nata mutum ɗaya yake ciyarwa."

"In ta tafi zai daina sha ne, Si Naji?"

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Kai dai ka riƙe injinka."

Aka ce Najat za ta je gidan Fathi ta huta, saboda ciwon kan nan nata. Sirin za ta zauna wurin kakarta don makaranta. Ta sauko ta matakalar da jaka ɗaya, babu kowa a haraba sai ni da kyanwa. Takardun saki daga kotu daga baya suka bi ta.

Da bazara na je ƙauyen su Najat gyaran injin ban ruwa, na biya ta gidan Fathi. Ɗakin ajiya suka share mata, kusa da akurkin kaji. Matar Fathi ta ce mini ba ta fita, ba ta cin abin kirki, kuma kullum da asuba sai ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a ba ta saƙo. Na same ta zaune da ƙyalle ɗaure a goshi. Ta tambayi Sirin, ta tambayi wa yake dafa lablabi. Can ta ce, "Usta, kai kana nan ranar Ammi Tahar. Munsif ne ya ce a kore shi, ko?"

"Shi ne, Lalla. Muna jin kina roƙonsa."

"Haka nake gani ni ma. Amma kowa ya ce ni ce, har Fathi. Wani lokaci in na kwanta sai in ji maganar da muryata take fitowa, ba da tasa ba." Ta matse ƙyallen. "Da muryata kuwa ta fito, ai."

Na ce zan sake gaya wa duk wanda zai saurara. Ta ce kar in wahalar da kaina. Ta ce in dai na ga Sirin in gaya mata ta riƙe karatunta, kar ta yarda ta koyi dafa lablabi.

Sanyi ya dawo, zaitun ya nuna. Manoma suka dawo kamar yadda Si Naji ya faɗa, har da waɗanda suka rantse. A gidan shayi ana cewa yanzu gida ya gyaru, an cire ƙaya. Makon farko Si Munsif ya sauko da asuba da kansa, ya tsaya inda ubansa yake tsayawa, mutane suna ta sa masa albarka. A mako na biyu na ji tashin mota da magariba.

Washegari muna tsaye a haraba, buhuna sun kai bango, matakala babu kowa. Can ƙofar sama ta buɗe. Sirin ce, ba da kayan makaranta ba, da ɗankwalin uwarta a kanta, hannunta da ɗigon romo. Hajja Mabruka tana tsaye a bayanta. Yarinyar ta sauko ta tsaya, ta nemi fuskar da ta sani, ta same ni.

"Usta, Baba ya ce a kashe injin sai azahar."

 Sai wani manomi daga bayan buhuna ya yi tsaki ya ce, "To, ga shi nan. Ciwon ma gado ne. Uwar ta tafi ta bar mana 'yar."

Wasu suka yi dariya. Sirin ta dube su ba ta gane ba, ta ɗan yi murmushi don ta ga ana dariya. Kakarta ta taɓa mata kafaɗa ta ce ta hau, tukunya tana kan wuta.